Wankin Akwatin Saje

Tun da farko ya kamata in gaya wa mai karatu cewa ban gama amincewa da ƙwaƙwalwata ba. Abin nan ya faru ne zamanin Turawa, bayan yaƙin Bama da kamar shekara takwas, ina saurayi a makarantar horon malamai. Daga baya na ci gaba da karatu har na sami digiri, na koyar shekaru masu yawa, kuma na sha kama kaina ina rantsuwa a kan abin da na gani da idona, in na bincika sai in tarar ba ni labarinsa aka yi. Saboda haka inda na tabbata zan ce na tabbata, inda nake shakka kuwa ba zan ɓoye ba. Sunaye da gangan na bar su, don akwai dangi a raye.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da yayata. Yaya ce ta raine ni, don haka da ta yi aure sai gidanta ya zama gidana. In an ba mu hutu can nake sauka, a cikin garin Haɗejiya, ta wajen da ake gangarawa kogi. Mijinta tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa, ko da yake ban tabbata ya kai muƙamin ba. Bayan an sallame su ya kama fataucin bandar kifi, yana saye a hannun masuntan Guri da Kirikasamma, yana kaiwa tasha a ɗora a jirgin ƙasa. Mutum ne mai fara'a da yawan ba'a, kuma iyakar sanina bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba. Ni da yake ƙanin mata ne, abokin wasa, ya sa mini suna Malam Watakila, wai ko sunana aka tambaye ni sai na ce watakila.

Shekararsu takwas da aure, Yaya ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mahaifiyar Saje, wadda dukanmu muke kira Iya, tare suke zaune. Ba zan ce muguwa ce ba, don na ga ta bar tuwonta ta ba Yaya ranar da abinci bai isa ba. Amma Saje kaɗai ta haifa, tana son ganin jika kafin ta mutu, kuma babu saiwar da ba ta jiƙa wa Yaya ba, babu malamin da ba ta karɓo rubutunsa ba. Da ta ce Saje ya ƙara aure, ya ce shi ba zai iya da mata biyu ba. Sai ta ce to shi ke nan, in an yi girbin bana babu labari, a sallami 'yar mutane ta gwada wani gidan, shi ma ya gwada wata. A gabana ta faɗa, a hutun rani, Yaya tana tankaɗe ba ta ɗago kai ba. Saje kuwa bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba, kowa ya san haka.

Akwatin daga yaƙi Saje ya zo da shi. Ya ce a wani birni na ƙasar Indiya ya saya, a hannun wani tsohon masassaƙi mutumin Sin, lokacin da suke zaman jiran jirgin ruwan da zai dawo da su gida. Babba ne, sai mutum biyu sun kama. In aka buɗe murfin sai warin kafur ya cika ɗaki, don ashe da itacen kafur ɗin aka yi shi. Su can an ce ƙanshi ne, yana korar asu daga tufafi. Mu kuwa a wurinmu kafur na wankan gawa ne. Saje ya kawo shi cikin lefe, Yaya ta buɗe sau ɗaya ta rufe, ta ce ita zannuwanta ba za su yi warin likkafani ba. Aka tura shi lungun ɗakin Saje, in wuri ya yi ƙaranci a jibga kwandunan banda a kai.

Murfin da gaban akwatin duk sassaƙa ce mai zurfi, yatsa yana shiga. A kusurwoyi jemagu ne sun buɗe fikafikai. A tsakiya wani ɗan itace ne ya fashe, ƙwayoyinsa sun fito reras kamar haƙora. Ƙarƙashinsa kifi biyu sun haɗa kai. Akwai furen da kowane ɗan fadama zai ce bado ne, tare da ƙwallon da 'ya'yansa ke ciki. Akwai yaɗo irin na duma, ɓeraye suna hawa, ko da yake mai yiwuwa kurege ne, ban iya rarrabewa ba. Sai yara ɓul-ɓul masu tukku, sun kai goma, wannan ya hau wuyan wancan. Iya ta tsani abin. Takan ce wane irin mutum ne zai zauna ya dasashe wuƙarsa a kan ɓera da jemage, abin da ake kora da tsintsiya.

Ni ne na tono shi. A hutun ranin nan, don karambani, na share murfin sama-sama, na shimfiɗa takarda na goga fensir har surar ta fito, na tafi da ita makaranta. Muna da wani malami Bature da ya yi aiki a ƙasashen gabas kafin a kawo shi nan. Da ya gani ya ce irin akwatin da ake yi wa amarya ne, kuma babu abin da aka sassaƙa a banza. Jemage a wurinsu alamar farin cikin gida ne. Ɗan itacen nan rumman ne, yawan ƙwayoyinsa fatan yawan 'ya'ya. Kifi biyu miji da mata ne cikin zaman lafiya da wadata. Badon haihuwa ce a jere, ɓera da duma kuma zuriya ce mai yaɗuwa. Na tambaye shi ko mutanen Sin sun ɗauka akwatin yana sa haihuwa. Ya yi dariya, ya ce iyakar saninsa fata ne kawai, kamar gaisuwa, itace ba ya ba kowa ɗa. Sai na fahimci abin kamar yadda muke ce wa amarya Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, illa dai su sun sassaƙa tasu don kada ta ɓace. Har yanzu ina ganin kyakkyawar al'ada ce a wurin masu ita. Na rubuta komai a littafina, ina ɗokin in koma gida in nuna karatu.

Hutun damina na dawo, kogi ya cika ya malala fadama. Kwana biyu da isowata muna zaune a rumfar tsakar gida da hantsi, Iya tana tsintar shinkafa a faifai, Yaya tana gyaran kifi, Saje yana ɗinke bakin kwando. Na fito da littafina.

"Saje, ashe akwatin nan naka na amare ne."

"To fa, Malam Watakila ya zo da sabon karatu. Iya, gyara zama, yau ɓeraye za a fassara mana."

Na karanta musu duka. Da na zo kan rumman Iya ta ajiye faifan.

"Tsaya, ɗan nan. Rumman ɗin da ake cewa akwai a Aljanna?"

"Shi ne, Iya, in Baturen bai yi kuskure ba."

"Kuma ka ce duk na haihuwa ne?"

"Wato fatan alheri ne, kamar addu'a dai, sai dai a jikin itace aka yi."

"Addu'a a jikin itace. To ai allo ke nan." Ta juya wajen Saje. "Kai kuma shekara takwas kana ɗora wa allo kifi!"

Saje ya yi dariya har da buga cinya. Ni ma na yi, don na ɗauka wasa ne. Iya ba ta yi ba.

"Bar zagaye-zagaye, ɗan nan, kai ka yi karatun. Yana ba da haihuwa ko ba ya bayarwa?"

Amsar gajeruwa ce, kuma na san ta, Baturen ya gaya mini. Amma Yaya ta tsayar da wuƙa tana dubana, ga wa'adin girbi yana matsowa, ni kuma tun ina yaro ba na iya yanke magana. Na ce ni dai ba zan ce yana bayarwa ba, ba kuma zan ce ba ya bayarwa ba, Allah ne mai bayarwa. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa a littafin labarin ƙasa dai an ce babu al'ummar da ta kai mutanen Sin yawa.

"Wallahi kamar kiyashi," in ji Saje. "Na gan su da idona."

"Ba ga shi ba," in ji Iya. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

Addu'ar da ke jikin allo wankewa ake yi a sha, Iya kuwa ba ta san wata hanyar ba. Washegari da safe ta sa aka fito da akwatin tsakar gida, aka karkata shi, aka tara babbar ƙwarya a ƙarƙashi. A hasken rana na ga abin da gogen fensir bai nuna mini ba. Man kifi ya zubo daga kwanduna ya daskare a fikafikan jemagu, ƙura ta bi ta manne ta zama baƙin danƙo. Tsakanin yaran nan akwai ƙwan kyankyaso a jere, da yanar gizo, da kashin ɓera na gaske kusa da ɓeran itace. Iya ta ɗebo ruwan kogi, ta yi bisimilla, ta sa yatsa tana bin kowane rami tana cuɗawa. Abin da ya taru a ƙwaryar kamar ruwan kwatami, maiƙo yana yawo a sama, ƙafar kyankyaso guda tana juyawa a tsakiya.

Na ce, "Iya, da an zubar da wannan na farkon, a sha na biyu."

"Ka taɓa ganin an zubar da wankin farko na allo? Ai nan albarkar take."

Ta tace da bakin zaninta, ta cika ƙoƙo ta miƙa wa Yaya. Yaya ta karɓa da hannu biyu, ta kai hanci, fuskarta ta yamutse. Auta take ce mini.

"Auta, in sha?"

"Watakila ba zai yi komai ba, Yaya."

Ta toshe hanci ta shanye. Na ga wani baƙin abu ya maƙale a leɓenta, ta share da bayan hannu. Na koma bayan rumfa na tofar da miyau.

Safe da yamma aka riƙa yi. Bayan kwana huɗu ko biyar murfin ya yi fes, ruwan ya daina baƙi, na yi hamdala a raina ina cewa abin ya zo ƙarshe. Iya kuwa ta ce ƙarfin sama ne ya ƙare, saura na ciki. Ta samo aska ta fara kankare ƙwayoyin rumman ɗaya bayan ɗaya, tana zuba garin a wani tulu, ta cika da ruwa ta rufe, wai ya tsima. Ba a zubar da na jiya, ƙari ake yi. Kawunan yaran kuma take shafa wa man shanu kullum, don kada su ji an wulakanta su, in ji ta. Da laimar damina man ya yi hamami, funfuna ta fito a ramuka, ƙudaje suka tare a gidan. Warin kafur da ƙarnin kifi da ruɓaɓɓen mai suka haɗu suka kama komai, har tuwo. In na sa loma sai in ji kamar a ɗakin da aka wanke gawa nake ci.

Cikin mako na biyu Yaya ta fara amai da safe. Jiri yana ɗibarta, ba ta son warin miya, ta rame idanunta suka faɗa. Kwanakinta na wata kuma suka zo suka wuce, haka na ji Iya tana raɗa wa maƙwabciya. Ko rashin cin abinci ne ya jawo, ban sani ba, ni ba likita ba ne. Iya ta ce laulayi ne. Cikin fari ba a shelarsa, amma ta hana Yaya daka da ɗibar ruwa, duk wadda ta shigo sai ta ce mata a yi a hankali, 'yar nan ba ta jin daɗi, tana faɗa tana murmushi. Kafin kasuwa ta sake ci labari ya bi kwale-kwalen masu kifi ya kai Guri da Kirikasamma.

Mata suka fara sallama, da farko biyu uku, daga baya har rumfar ba ta ɗaukarsu. Wasu don kansu suka zo, wasu uwaye ne da suka zo karɓar wa 'ya'yansu, kowace da gorarta. Iya sadaka take yi, ba ta karɓar komai, wannan zan shaide ta. Amma abin da idona ya gani! Wannan ta yi tofi a kan kifin ta shafa a cikinta, waccan ta lashi rumman da harshe, ta bayanta ta zo ta lashi wurin. Wata da bakinta ya yi ja da goro ta tsotsi kan yaro guda ta bar jan a kai, da yamma aka wanke aka zuba a tulun. Ƙoƙo ɗaya ke zagayawa, ba a ɗauraye shi. Limamin unguwa ya aiko cewa wannan ba daidai ba ne, a bari. Iya ta mayar masa da cewa ita ba bauta take yi ba, magani ne, shi ma in matarsa tana so ta zo.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wata rana da azahar, mata sun watse, na ɗebi ludayi guda daga tulun na runtse ido na haɗiye. Da farko wani sanyi ne mai yaji, sai ɗaci, sai yauƙi ya biyo baya, wani abu mai laushi ya wuce maƙogwarona wanda har yau ban san ko mene ne ba. Kafin la'asar na yi amai sau uku, ƙasa tana juya mini, leɓuna sun mutu. Ni da nake namiji na yi laulayi irin na Yaya sak.

Na sami Saje a ƙofar gida. Ya sayo ɗan rago ya ɗaure, bai gaya wa kowa dalili ba, kowa kuma ya sani. Yana ba shi dusa.

"Saje, ina jin watakila ruwan nan ne ke sa Yaya amai. Na ɗanɗana, ni ma ya sa ni."

"To Allah ya raba lafiya, Malam. Sai mu ƙaro rago."

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ajiye kwanon.

"Ka tabbata ba ciki ba ne?"

"To, ba zan ce na tabbata ba. Mai yiwuwa duka biyun ne, ga ciki ga ruwan."

"In ka tabbata faɗa, yanzu in shiga in fasa tulun. In ba ka tabbata ba, don Allah ka rufa mana asiri. Shekara takwas ban ga tsohuwar nan ta yi wa yayarka dariya ba sai yanzu."

Ban tabbata ba, wannan gaskiya ne, kuma da shi na fake kwana goma sha ɗaya ko sha biyu, ina gani ana miƙa mata ƙoƙo safe da yamma. Na riƙa gaya wa kaina cewa in na yi magana ya zamana babu ciki, ni na fitar da ita daga gidanta, in kuwa akwai ya zube, za a ce bakina ne. In na zauna na auna mutanen da ke cikin labarin nan, babu wanda nake jin ƙyamarsa kamar saurayin nan mai littafi a aljihu.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, mata kamar shida suna rumfa. Rumman ya ƙare ya zama rami, Iya ta koma kan yaran, ta kankare kan guda tas ta zuba duka, wai don cikin ya zauna da kyau. Yaya ta sha, ta yi taku uku zuwa madafa, ta yanke jiki ta faɗi. Jikinta ya sanƙare sannan ya kama jijjiga, idanu suka juye, kumfa da jini suna fita ta gefen baki don ta ciji harshe. Wata ta ce iska ce, a kawo turare. Wata ta ce a'a, namiji ne, haka suke da ƙarfi tun a ciki. Iya ta ruga wajen tulun za ta ɗebo wani ƙoƙon ta ɗura mata.

Ban san lokacin da na sa ƙafa na ture tulun ba. Ya fashe, ruwan ya malale, sai ga abin da ke ƙasa. Baƙar laka ce mai kauri kamar kunu, fararen tsutsotsi suna motsi a ciki, ga matattun ƙudaje, ga wani abu mai wutsiya da ya kumbura ya yi fari. Ni na ce matacciyar tsaka ce. Saje daga baya ya ce ɓawon tsamiya ne, ina kuma fata shi ne mai gaskiya. Wata daga cikin matan ta durƙusa tana kwasar lakar da hannu tana zubawa a gorarta kafin ƙasa ta shanye.

Muka ɗora Yaya a gadon kara, ni da Saje da maƙwabta biyu, muka kai ta asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya. Malamin asibitin ya sunkuya ya shinshina bakinta, ya ɗago ya ce wa ya ba ta kafur. Da na yi masa bayani ya dube ni, ya dubi kakin makaranta da ke jikina, ya ce, "Kai ma kana gidan?" Bayan ta farfaɗo wata dattijuwa mai karɓar haihuwa a wurin ta duba ta, ta fito ta gaya wa Saje a hankali cewa babu ciki, ba a ma yi shi ba. Saje ya zauna a dakali ya rufe fuska da hula.

Da la'asar Yaya ta sa aka kira ni. Harshenta ya kumbura, da ƙyar ake jin abin da take cewa.

"Auta, ka sani?"

"Na yi zato, Yaya."

"Tun yaushe?"

Na gaya mata, har da maganar ludayin.

"Ka sha ludayi ɗaya ka yi amai, ka bar ni ina shan ƙoƙo. Ni da na goya ka." Ta huta, sannan ta ce, "Saje ba zai iya gaya wa Iya ba, na san shi. Kai ka fara karatun, je ka ƙarasa. A gaban matan. Kada in ji an ce ka ce watakila."

Na tarar Iya ta share tsakar gida, ta kafa sabon tulu har ta jiƙa wani garin, tana jira a ce mata cikin bai taɓu ba. Mata uku ba su tafi ba. Na tsaya a bakin rumfa.

"Iya, Yaya ba ta da ciki. Ruwan nan guba ne, shi ya kusa kashe ta. Akwatin ado ne, ba ya ba da haihuwa. Baturen ma haka ya ce mini tun farko, ni ne ban faɗa ba."

Ta lalubi turmi ta zauna a kai.

"Tun farko?"

"Tun farko, Iya."

Na yi tsammanin zagi, ba ta yi ba. Ta ce, "Ranar nan da na tambaye ka, da ka ce a'a, wa zai dake ka?"

Sai wata mata daga Guri ta matso da gorarta.

"To Iya, tunda ita bai karɓe ta ba, ni a cika mini tawa, mai jirgi yana jirana."

Ina jin matar da kanta ta cika. Ban hana ta ba, ƙarfina duk ya ƙare a maganar da na yi.

Yaya ta yi kwana tara a asibiti, in ban yi kuskure ba. Da aka sallame ta ba ta jira girbi ba. Iya ba ta ƙara tayar da maganar wa'adi ba, wasu ma sun ce ta roƙe ta ta zauna. Yaya ce ta ce ba za ta iya zama a tsakar gidan da aka riƙa yi mata barka da ido ba, ba kuma za ta iya haɗiye tuwo a cikin warin nan ba. Ta tafi wurin gwaggonmu a Kaugama. Saje ya je biko sau biyu, na raka shi sau ɗaya, ta fito ta gaishe shi da ladabi ta ce ya yi haƙuri. Ya ba ta takardarta. Daga baya ta auri wani manomi da matarsa ta rasu ta bar yara uku, ta raine su, su suka binne ta. Ba ta haihu ba. Saje ya sake aure sau biyu, shi ma bai samu ba, ban kuma ce wannan yana nufin wani abu ba. Ni da Yaya mun ci gaba da zumunci, tana aiko mini da kuka da daddawa duk inda aka kai ni koyarwa, amma ba ta sake tambayata shawara a kan komai ba har ta rasu.

Akwai abubuwan da ban sani ba, suna kuma damuna. Ban san abin da ya sami matan da suka tafi da gora ba, musamman ta Gurin nan. Na ji an ce wata a Kirikasamma ta yi ɓari a daminar, wani kuma ya ce mini wannan wata shekarar ce daban. Na ji an ce Iya ta taka har Kaugama ta nemi gafara kafin ta rasu, ni ban gani ba. In akwai wanda ya zauna a unguwar a lokacin, ko wadda ta sha ruwan, ko wadda uwarta ta ba ta labarin, ina roƙo don Allah a aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. In na ɗora wa wani abin da bai yi ba, zan janye a rubuce. In kuma akwai wadda ruwan ya cutar fiye da yadda na sani, a gaya mini kai tsaye, kada a sassauta mini.